Gatari da ƙota: yadda enzayim ya karɓe aikin haɗa fenisilin

Mai kunun zaƙi ta san wani abu da ba a aji aka koya mata ba. Idan ta dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, sai ta bari ta huce, sannan ta zuba niƙaƙƙen tsiro ko garin dankali, ta rufe ta je ta kwanta. Kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi ya fito, alhali ko ƙwayar sukari ba ta jefa ba. In kuwa ta yi garaje ta zuba tsiron a kan tafasa, to ta yi asararsa, kunun zai kwana yadda ta bar shi. Abin nan da ke cikin tsiro, mai daddatsa sitaci ya mai da shi sukari, wanda zafi mai yawa ke kashewa, shi masana ke kira enzayim. Ɗan'uwansa ne ke cikin ruwan tumfafiya da ake ɗiga wa madara ta daskare ta zama cuku. Furotin ne da mai rai ke ƙerawa don ya hanzarta aiki guda ɗaya tak, kuma aikin ba ya cinye shi. Yana gamawa da wannan ƙwaya sai ya kama ta gaba.

Na ɗauko zancen daga kunu ne domin kafson amoksisilin da ake saya a kemis, da wanda ake narka wa yaro a cokali idan ciwon huhu ya kama shi, sai da suka bi ta hannun irin wannan ma'aikaci kafin su iso gare mu. Kusan duk amoksisilin da amfisilin da ke yawo a duniya yau, enzayim ya taɓa su a masana'anta aƙalla sau ɗaya, da yawansu ma sau biyu. Kamfanoni sun fi son su ba da labarin a matsayin nasarar tsabta, wato an bar sinadarai masu guba an koma ruwa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai enzayim ɗin ya taɓa shiga masana'antar aka sallame shi, da tsabtar tasa da komai, kuma lissafin kuɗi ne ya dawo da shi.

Amoksisilin da amfisilin 'yan gidan fenisilin ne, kuma sai an san siffar maganin kafin a gane matsalar. Alexander Fleming ya lura da fumfunar da ke kashe bakteriya a Landan a 1928, su Howard Florey da Ernst Chain suka mai da ita magani a Oxford a farkon shekarun 1940, amma sai a 1945 Dorothy Hodgkin ta nuna ainihin yadda ƙwayar fenisilin take. A tsakiyarta akwai wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu da ake kira beta-laktam. Zoben a takure yake, kamar tarkon da aka ɗana. Idan ya gamu da enzayim ɗin da bakteriya ke gina katangar jikinta da shi, sai ya fyaɗe ya maƙale masa, gini ya tsaya, bakteriyar ta fashe. Amma tarko ba ya tambayar wa ya taɓa shi. Ruwa ya cika tsami, zoben ya buɗe. Ya cika kanwa, ya buɗe. Zafi ya yi yawa, ya buɗe. Da zarar ya buɗe kuwa, farin gari ne kawai ya rage a hannunka.

A gefen zoben akwai wani reshe da ke maƙale. Kwatance mafi sauƙi shi ne gatari da ƙotarsa. Kan gatari ke sara, amma ƙota ce ke nuna inda zai kai. Duk dangin fenisilin kansu ɗaya ne, ƙota ce ta bambanta su. Ƙotar fenisilin G, na asali, ba ta kare shi daga tsamin ciki, shi ya sa allurarsa ake yi, kuma akwai tarin bakteriya, irin masu kawo ciwon fitsari da taifot, da ba ya iya ratsa su sosai.

Kan gatarin ba ya ƙeruwa da hannu, ko a ce ba ya ƙeruwa da riba. A lokacin yaƙin duniya na biyu ɗaruruwan masana a Amurka da Ingila sun yi ta fama su haɗa fenisilin daga tushe, abin ya faskara. John Sheehan na jami'ar MIT ya kai ga haka a 1957, amma abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka har gobe fumfuna ce maƙeriya. Ana kiwon Penicillium chrysogenum, jikanyar wadda aka samo a jikin wani ruɓaɓɓen ɗan itace dangin kankana a garin Peoria na Amurka a 1943, a cikin tankunan ƙarfe masu cin lita 100,000 zuwa 400,000. Ana ba ta sukari kaɗan-kaɗan, ana hura mata tatacciyar iska, ana juyawa, ana sanyaya tankin ya tsaya wajen digiri 25, har kwana biyar zuwa takwas. Irin da aka tace shekara da shekaru yana ba da wajen giram 40 ko fiye a kowace lita.

Dabarar farko ta sauya ƙota ita ce a yaudari fumfunar ta hanyar abinci. In ka zuba mata asid ɗin fenilasetik, ta ba ka fenisilin G. In ka zuba wani ɗan'uwansa, ta ba ka fenisilin V, wanda a 1951 aka gano a garin Kundl na Austiriya, a wani tsohon gidan giya da aka mai da shi masana'antar magani, cewa yana jure tsamin ciki, ana iya haɗiyarsa. Amma fumfuna tana da zaɓe. Ƙotoci kaɗan take karɓa, waɗanda likitoci suka fi buƙata kuma ba sa ciki.

Ƙofa ta buɗe ne a 1957 a ɗakin binciken kamfanin Beecham a Ingila, ta hanyar wani saɓanin awo. Masu binciken sun lura cewa idan aka hana fumfunar abincin ƙota, awon sinadari na nuna fenisilin da yawa a cikin romon, amma awon kashe bakteriya na nuna kaɗan. Ke nan akwai wani abu mai zobe amma marar ƙarfi. Da suka ware shi sai ga kan gatari tsirara. Shi ne 6-APA, suka kuma bayyana shi ga duniya a 1959. Daga nan aka shiga ɗaura masa ƙota iri-iri: metisilin a wajen 1960, amfisilin a 1961, amoksisilin a 1972. Ampiclox ɗin da kowa ya sani a Najeriya, wanda wasu ke afawa kamar gyaɗa ba tare da likita ya rubuta ba, haɗin 'yan gidan nan biyu ne, amfisilin da kuloksasilin.

To ina za a samo 6-APA tan-tan? Fumfuna ba ta yin sa da yawa, tsamo shi daga romo kuma wahala ne. Hanya mai riba ita ce ta zagaye: a bar ta ta yi fenisilin G da ta ƙware a kai, sannan a cire ƙotar a ɗaura wata. A nan gizo ke saƙar. Ɗaurin da ya riƙe ƙota da ɗaurin da ya rufe zobe iri ɗaya ne a ilimin sinadarai, na zoben kuma ya fi rauni. Duk wani asid ko kanwa da za ka zuba don ya kwance na ƙota, sai ya fara da na zobe. Kamar a ce ka cire wa mutum haki a ido da wuƙar fawa.

Enzayim ba shi da wannan matsala, domin shi da siffa yake gane abu. Tun 1950 wasu masana biyu a Japan, Sakaguchi da Murao, suka ba da rahoton wani enzayim mai cire ƙotar fenisilin, ba a dai ba abin muhimmanci ba. A 1960 kamfanoni da dama, ciki har da Bayer na Jamus da Beecham da Pfizer, kowa ya sanar cewa ya samu irinsa a jikin bakteriya, musamman E. coli, wadda ke zaune a hanjin kowannenmu. Sunansa fenisilin asilas. A jikinsa akwai wani ɗan rami da ƙotar fenisilin G ke shiga daidai wa daida, sai ya datse ɗaurin da ke bakin ramin, zoben kuwa ko kallonsa ba ya yi.

Duk da haka ya sha kaye a karon farko. A lokacin ana zuba bakteriyar ne ɗungurungum, ko enzayim ɗin a narke, cikin ruwan fenisilin, in an gama a zubar da shi tare da dusa. Kowane tanki sai an nemo sabo. Aikin na tafiyar hawainiya, ruwan tsararo ne, ga kuma fargabar kada ragowar furotin ya bi maganin ya tayar wa majiyyaci da borin jini. Ana cikin haka kamfanin Gist-Brocades na garin Delft a Holan ya fito da hanyar sinadarai zalla a ƙarshen shekarun 1960. A rufe wani gefen ƙwayar da sinadarin silikon, a sanyaya komai zuwa digiri 40 ƙasa da sifili don zoben ya yi barci, a sa fosforos mai kulorin biyar ya kama ɗaurin ƙota, a bi da butanol da ruwa. Hanyar ta yi sauri, ta ba da kaya mai yawa, masana'antu suka rungume ta.

Ga abin da take ci. Don a fitar da kilo ɗaya na 6-APA, ana kashe fiye da kilo uku na sinadarai masu ƙuna da guba, da wajen lita 17 na ruwan narkarwa, rabinsa dayikulorometen, wanda ake zargi da jawo ciwon daji. Ban da wutar da injin sanyi ke sha. Ta hanyar enzayim kuwa, ruwa ne da amoniya ƙasa da giram 100, a ɗumi irin na jikin mutum. Wannan bambanci kowa ya san shi tun lokacin, bai kuma motsa kowa ba, saboda ma'aikacin da za ka saya da tsada ya yi maka aiki ɗaya ya bi rariya, tsabtarsa ba ta biyan albashi.

Maganin abin shi ne a ɗaure shi a turke. Kamfanin Tanabe na Japan ne ya fara amfani da ɗaurarren enzayim a masana'anta a 1969, wajen tace amino asid. A farkon shekarun 1970 Beecham, tare da Malcolm Lilly na University College London, suka yi haka da fenisilin asilas. Ana samun 'yan ƙwayoyin roba masu huji-huji, girmansu bai wuce na yashi ba, a manne enzayim ɗin a jikinsu. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu: ana iya tace shi a sake amfani da shi, ɗaurin kuma na hana furotin ɗin warwarewa, sai ya ƙara tsawon rai. Wanda da ake zubarwa bayan tanki ɗaya ya koma yana yin ɗaruruwa, kuɗinsa a cikin kowane kilo na magani ya faɗo warwas. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma aka iya ciro ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi, a ninka ta a cikin bakteriya ta riƙa fitar da shi ninkin ba ninkin. Dokokin zubar da shara a Turai suka ƙara tsanani, ƙona ragowar sinadarai ya yi tsada. Kafin ƙarshen ƙarnin, hanyar Delft ta zama tarihi a wajen yin 6-APA.

Wanda ya leƙa sashen da ake wannan aiki zai yi mamakin rashin armashinsa. Tanki ne mai rariya a gindi, ƙwayoyin enzayim na zaune a ciki. A zubo ruwan fenisilin G, a kunna majuyi. Kowace ƙota da aka cire asid ce, saboda haka ruwan na ƙara tsami minti bayan minti, na'ura kuma na aunawa tana ɗiga amoniya don ma'aunin tsami ya tsaya wajen 8, wato ɗan gefen kanwa kaɗan. Yawan amoniyar da aka sha shi ke gaya wa ma'aikaci inda aka kwana: in ɗigar ta tsaya, aiki ya ƙare. Sai a buɗe gindi, ruwa ya wuce, ƙwayoyi su tsaya, a zubo na gaba. Ruwan da ya fita a ƙara masa tsami har ma'auninsa ya sauko zuwa wajen 4, 6-APA ya fito fari kamar gishiri. Ƙotar da aka cire ma ana tsamo ta a mayar wa fumfuna ta sake ɗaurawa. 

Dangi na biyu na magunguna masu wannan zobe, sefalosforin, ya fi taurin kai. Asalinsa tsibirin Sardiniya ne a Italiya, inda Giuseppe Brotzu ya ɗebo wata fumfuna a 1945 a bakin teku, daidai inda magudanar ƙazantar birnin Cagliari ke zuba. Edward Abraham da Guy Newton suka ware sefalosforin C daga cikinta a Oxford a shekarun 1950. Shi ma sai an cire masa ƙota a samu kansa, 7-ACA, wanda daga shi ake yin seftiriyazon, allurar da asibitocinmu ke dogara da ita lokacin sanƙarau. Amma ƙotarsa ba ta shiga ramin fenisilin asilas, an kuma daɗe ana neman enzayim mai ƙarfi da zai datse ta kai tsaye ba a dace ba. Sai aka raba aikin biyu. Enzayim na farko, daga wani yis mai suna Trigonopsis variabilis, yana amfani da iskar oksijin ya sassaƙe bakin ƙotar, a cikin aikin kuma haidurojin feroksayid na fitowa, shi ke ƙarasa gutsure ta. Gajeriyar ƙotar da ta rage, akwai enzayim na biyu daga bakteriyar Pseudomonas da ya san ta. Kamfanin Hoechst na Jamus na cikin waɗanda suka kafa wannan hanya a shekarun 1990, sharar da ake ƙonawa kuwa ta sauko daga wajen tan 31 zuwa ƙasa da tan ɗaya a kan kowane tan na 7-ACA.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin feroksayid ɗin na cin enzayim ɗin da ya haife shi. Abin da ya kawo sauƙi shi ne dabarar da Frances Arnold ta ci kyautar Nobel a kanta a 2018, wadda manomi mai ware zangarniyar iri ba zai ga baƙon abu a cikinta ba. A yi wa ƙwayar gadon enzayim 'yan canje-canje barkatai, a samu iri dubbai, a gwada su, a ɗauki mafi kyau a sake maimaitawa. Da irin wannan zaɓe, haɗe da nazarin siffar ramin, aka gyara enzayim na biyu har ya karɓi doguwar ƙotar, yau kuma akwai masana'antun da ke yin 7-ACA a mataki ɗaya.

Cire ƙota rabin aiki ne. Shekaru bayan enzayim ya karɓe cirewa, ɗaura sabuwar na hannun sinadarai: a rufe, a sanyaya, a zuba dayikulorometen, a buɗe. Alhali an daɗe da sanin cewa enzayim ɗin da ke kwancewa zai iya ɗaurawa, tunda hanyar da ta kai ka ita ke dawo da kai. Abin da ya hana shi ne ruwa. A cikin ruwa kwancewa gangara ce, ɗaurawa kuwa hawa. Don a sa shi hawa, sai a ba shi ƙotar da aka riga aka ɗana, wato an maƙala mata wani ɗan guntu mai saurin ficewa. Enzayim ya karɓi ƙotar ya riƙe, yana jiran wanda zai miƙa wa. In 6-APA ya riga zuwa, an samu amoksisilin. In ƙwayar ruwa ta riga, ƙota ta tafi a banza. Ko amoksisilin ɗin da aka riga aka yi, in ya daɗe a gabansa, zai juyo ya kwance shi, don bai san wanne ne kaya wanne ne shara ba. Tsere uku ke nan a tukunya ɗaya. Yawan maganin na hawa, ya kai ƙololuwa, ya fara sauka, gwani shi ne wanda ya tsayar da aiki a kan ƙololuwar.

A ganina nan ne hikimar ta fi fitowa, domin ba da ƙarfi aka ci tseren ba. An cika tukunya da kaya har 6-APA ya yi wa enzayim ɗin cunkoso. An rage zafi. An ƙara ƙota fiye da buƙata, a tsamo rarar daga baya. Sannan amoksisilin da kansa ya taimaka, tunda ba ya son narkewa a ruwa: yana samuwa sai ya daskare ya faɗo, abin da ya daskare kuma enzayim ba ya iya taɓa shi. Saura raba daskararren maganin da ƙwayoyin roba, aka yi shi da abin da kowace mai tankaɗe ta sani, wato a sa ƙwayoyin su fi garin girma, a zaɓi rariyar da ɗaya zai wuce ɗaya ya tsaya. An fara yin sefaleksin, ɗan gidan sefalosforin, ta wannan hanya a ƙarshen shekarun 1990, amoksisilin ya biyo baya. Waɗanda suka ja gaba kuwa su ne kamfanin DSM na Holan da Gist-Brocades, gidan nan na Delft da ya kori enzayim shekara 30 kafin nan. DSM ya sayi Gist-Brocades a 1998, sashen kuma yau shi ne kamfanin Centrient.

Kada a ɗauka duk maganin kashe bakteriya haka ake yin sa. Tetirasaikilin da jentamaisin kai tsaye suke fitowa daga tukunyar kiwo. Sifurofuloksasin da Septrin da Flagyl haɗin sinadarai ne tun daga tushe. Ko a cikin dangin beta-laktam, ƙotar kuloksasilin da ta seftiriyazon ba sa shiga ramin enzayim, da sinadarai ake ɗaura su. Kuma barin dayikulorometen bai hana ragowar maganin kansa bin ruwan da masana'anta ke zubarwa ba. Binciken da Joakim Larsson ya yi a 2007 a Patancheru, kusa da Hyderabad a Indiya, ya samu sifurofuloksasin a ruwan sharar masana'antu fiye da wanda ke jinin mai shan maganin. Sai a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan wannan. Kogi mai ɗauke da ragowar magani makaranta ce ga bakteriya, darasin da take koya game da fenisilin kuma shi ma enzayim ne. Sunansa beta-laktamas, Abraham da Chain suka bayyana shi tun 1940, kafin maganin ya shiga kasuwa. Shi ba ruwansa da ƙota, zoben yake fasawa. Augmentin, da Beecham ya fitar a 1981, amoksisilin ne da aka haɗa shi da ɗan rakiya mai toshe bakin wannan enzayim.

Arahar da fenisilin asilas ya kawo ta sauya taswirar masana'antar ta fuskar da masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Da cirewa da ɗaurawa suka zama aikin ruwa da majuyi, wanda duk mai kuɗin sayen ƙwayoyin enzayim zai iya yi, sai gasa ta koma kan tukunyar farko: wa ke da sukari mai araha, wuta mai araha, da tanki mafi girma. Sin ce ta ci. Mafi yawan fenisilin G da 6-APA na duniya yanzu daga can suke fitowa, daga wurare irin su Shijiazhuang da Mongoliya ta Gida, kusa da masara da kwal. Amurka ta kashe tukunyarta ta ƙarshe a Syracuse a 2004. Indiya, mai masana'antar fenisilin a Pimpri tun shekarun 1950, ta wayi gari tana saye daga Sin, sai da gwamnati ta fito da tallafi a 2020 kafin a buɗe sabuwar masana'anta a Kakinada a 2024. A Turai Kundl ce babbar da ta rage mai yin komai daga fumfuna har kafso, ita ma sai da gwamnatin Austiriya ta sa hannu a aljihu a 2020. Da sanyin 2022 ya zo da cututtukan yara, amoksisilin na ruwa ya yanke a kantunan magani na Turai da Amurka.

Mu a nan muna ƙarshen layi. Kamfanoninmu masu yin amoksisilin garin suke sayowa da dala, galibi daga Indiya da Sin, su ɗura a kafso su yi kwali. Da GSK, magajin Beecham, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa da kansa a Najeriya, a daidai lokacin da naira ke faɗuwa, duk wanda aka rubuta wa Augmentin ya ji a jikinsa. Tun daga nan ake yawan zancen mu riƙa haɗa garin magani a gida. Matakin enzayim shi ne mafi sauƙin ɗauka: ana sayar da ƙwayoyin, ba a buƙatar injin sanyi na digiri 40 ƙasa da sifili, kuma masana sinadarai ba su yi mana ƙaranci ba. Amma wanda ya sayo 6-APA daga Sin ya ɗaura masa ƙota a Legas ko Kano, taki ɗaya kawai ya matsa, dalarsa na nan tana fita. Masarar da rogon da za a tatso sukari muna da su. Abin da ya rage shi ne tankin. Yana son injin hura iska da majuyi da na sanyaya ruwa su yi mako guda suna aiki ba ƙiftawa, domin in iska ta yanke na ɗan lokaci fumfunar shaƙewa take yi. Yana son tururin da zai ƙone kowane bututu da kowace mahaɗa kafin a zuba iri. In aka yi sake bakteriya ɗaya mai ɗauke da beta-laktamas ta sulale ta wata kafa, za ta samu ɗumi da sukari da iska a shirye, ta hayayyafa cikin sa'o'i, ta bi zoben da fumfuna ta kwana biyar tana ƙerawa ta farfashe, a wayi gari da lita 200,000 na romon da sai an biya kuɗi kafin a zubar.